Na sami gurbin digiri na uku a Maleshiya ba tallafi: in sayar da gonar fadama in tafi?

Ɗan_Argungu:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban taɓa cewa uffan ba, amma yau wata damuwa ta fito da ni. Ni malami ne a wata babbar makaranta a nan jihar Kebbi, fannina kimiyyar ƙasar noma, kuma na yi digiri na biyu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Shekara huɗu ina jiran layi ya zo kaina a tallafin TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, sai ga shi lokacin da sunana ya matso kusa, asusun ya dakatar da tura malamai ƙasashen waje daga watan Janairun 2025. Ban karaya ba, na ci gaba da nema da kaina, har wata jami'a a Maleshiya ta ba ni gurbin digiri na uku, tare da malamin da ya yarda ya duba aikina, sai dai babu ko sisi na tallafi. Abin da na mallaka wanda za a kira dukiya shi ne rabona na gonar fadama da mahaifinmu ya bari, inda muke noman shinkafa rani da damina. Na sami mai saye, kuma lissafina ya nuna kuɗin za su ɗauke ni wajen shekara ɗaya da rabi. Shekarata 38, ina da mata da 'ya'ya huɗu, mahaifiyata tana raye. Waɗanda suka riga ni bin wannan hanya, don Allah ku faɗa mini gaskiya: in sayar in tafi, da fatan Allah zai buɗa wata ƙofa a can, ko in haƙura?

Bazamfare_Gusau:
Wa alaikumus salam. Malam, kai da kanka ka ba da amsar a cikin tambayar. Karatun da mafi ƙarancinsa shekara uku ne, ka ce guzurinka na shekara ɗaya da rabi ne. Ragowar shekara ɗaya da rabin wa zai biya? Ni dai shawarata kada ka taɓa gonar nan.

Dakta_Kamba:
Ƙanena, ni na yi nawa a Maleshiya, saboda haka bari in yi maka bayani ba ɓoye-ɓoye. Da farko ka cire maganar shekara uku daga ranka. A takarda ne shekara uku, amma a jami'ar da na yi, kamar yawancin manyan jami'o'in bincike na can, ba za a bar ka ka kare kundinka ba sai ka wallafa maƙala a mujallun da ke cikin jerin Scopus, wato jerin mujallun bincike da aka tantance, ko makamancinsa. Maƙalata ta farko ta yi wata tara a hannun mujalla kafin su dawo mini da ita a kan ba su karɓa ba, na sake aikawa wani wuri, na sake jira. Duk wannan jira zangon karatu yana shuɗewa, kuma kowane zango sai ka yi rajista ka biya, kowace shekara kuma sai ka sabunta izinin zama ta hannun hukumar EMGS mai kula da ɗaliban waje, da inshorar lafiya. Ni shekara huɗu da wata bakwai na yi.

Abu na biyu shi ne canji. Ina can a watan Yunin 2016 aka saki naira, dalar da ke wajen 197 a farashin gwamnati ta haura 280 cikin 'yan kwanaki. Ni da nake da tallafi ma sai da na koma ɗaki ɗaya da wasu mutum biyu, muna haɗa kuɗi muna dafa shinkafa da kifin gwangwani. Na ga wani bawan Allah daga wata jihar, wanda ya zo da kuɗin gidansa da ya sayar, yana kuka a harabar masallaci bayan sallar isha'i, domin an rufe masa rajista ga kuma izinin zamansa ya kusa ƙarewa. Karo-karo muka yi masa na kuɗin jirgi, ya koma gida babu digiri babu gida. Kada kuma wani ya ce maka za ka yi aiki a can ka cike giɓin, domin izinin aikin ɗalibi a Maleshiya ƙuntatacce ne ƙwarai, sai lokacin hutu, kuma a wasu 'yan wurare da doka ta ƙayyade.

Ban ce ƙasar ba ta da daɗin karatu ba. Akwai kayan aiki, wuta ba ta ɗaukewa, abinci halal ne, kana jin kiran salla daga ɗakin gwaje-gwaje. Amma da cikakken guzuri ake zuwa.

Mai_Albasa_Aliero:
Da girmamawa ga Dakta, ina da ja. Ni ɗan kasuwa ne, ban yi zurfi a boko ba, amma na san cewa wanda bai yi kasada ba ba ya cin riba. Gona idan ka sayar kana iya sayen wata, amma shekaru ba sa dawowa, kuma mutumin nan ya ce shekarunsa 38. Idan ya tsaya jiran tallafi har ya kai 45, ƙwaƙwalwa da jiki ba za su zama kamar na yau ba. Ban da haka, fadamar nan ma ba tabbas gare ta ba. Mun ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa manoman shinkafa daga Argungu har Bagudo, mutane sun kwana da gona sun tashi da tafki. Ilimi kuwa ruwa ba ya cinye shi.

Bazamfare_Gusau:
Alhaji, ambaliya amfanin shekara ɗaya take ci, ba ta tafiya da filin. Bayan ruwa ya janye an koma an yi noman rani a wurin. Wanda ya sayar kuwa ya rabu da shi har abada, kuma ka fi ni sanin yadda farashin fadama yake hawa.

Ɗiyar_Yawuri:
Malam, na karanta bayaninka sau biyu, na ga ka ambaci uwargida da Hajiya a cikin lissafin nauyi, amma ban ga inda ka ce ka nemi ra'ayinsu ba. Gonar nan ita ce buhun shinkafar da ke shiga gidan, kuma idan ka tafi, matarka ce za ta zauna da yara huɗu da ciwonsu da kuɗin makarantarsu. Ina roƙonka ka zaunar da su kafin ka zaunar da mai saye.

Ni a Ingila na yi nawa, da tallafin Commonwealth, kuma sai a nema na uku na samu. Na faɗi haka ne don a san cewa rashin samu sau ɗaya ba shi ne ƙarshen magana ba. Abin da ya bambanta nema na uku da na farko shi ne na daina rubuta cewa ina son in taimaki ƙasata, na rubuta takamaimiyar matsala, da wurin da take, da yadda zan auna ta, da wanda zai amfana. Ga mai sha'awar Birtaniya, akwai abubuwan da ya kamata ya sani. Tun Janairun 2024 an hana masu digiri na biyu na aji tafiya da iyali, amma masu digiri na uku ba a hana su ba. Sai dai kuɗin lafiya da ake biya tare da biza fam 776 ne a kowace shekara ga kowane mutum, kuma na dukan shekarun ake biya a dunƙule tun kafin a tashi. Ka lissafa na mutum shida ka gani. Sannan tun shekarar karatu ta 2021 hukumar UKRI mai ba da kuɗin bincike a Birtaniya ta buɗe tallafinta ga ɗaliban waje, ko da yake ba a barin su wuce kashi 30 cikin ɗari, kuma alawus ɗinta na shekarar 2025 zuwa 2026 fam 20,780 ne mafi ƙaranci.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin kuɗi. A garin da na zauna, a watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, sai ka yi azahar da la'asar da magariba cikin awa huɗu, ka fito da duhu ka koma da duhu. Na taɓa yin kwana uku ban yi magana da kowa da baki ba sai mai kanti. Wanda hankalinsa ya rabu tsakanin kaɗaici da tunanin kuɗin zango mai zuwa, ban san yadda zai rubuta babi ba.

Tsohon_Malami_Jega:
'Ya'yana, ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda aka mayar da digiri na uku kamar aikin hajji, wai sai an ƙetare ruwa. Yaron nan fanninsa ƙasar noma ne, kuma ƙasar da zai bincika tana bayan gidansu. Akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, akwai Cibiyar Noma a Yankunan Fari ta Jami'ar Bayero wadda ke cikin cibiyoyin ƙwarewa da Bankin Duniya ya tallafa wa, akwai cibiyar binciken hatsi ta Badeggi da ta daɗe tana aiki a kan shinkafa, ga Ɗanfodiyo inda ya fito. Tallafin TETFund na cikin gida kuma, a iya sanina, ba shi aka dakatar ba. Ranar ƙarin girma, kwamiti ba ya ba mai digirin waje matsayi biyu ya ba na gida ɗaya. Na yi shekara 35 a aji, na ga masu digirin waje da ba sa iya tsayuwa gaban ɗalibai, na ga na gida da ake gayyata ƙasashe su yi jawabi.

Bakin_Dam_Bakolori:
Allah ya gafarta Malam, maganarka gaskiya ce ta fuskar matsayi, amma ka ba ni dama in faɗi abin da na gani, domin ni a gida nake yin nawa, yanzu shekara ta bakwai ke nan. Yajin aikin 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, kuma duk ina ciki. Bincikena a kan dalma ne a ƙasa da ruwan rijiya. Kowa a Zamfara ya san abin da ya faru a 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinari a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo, aka yi aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka irin su Bagega. Matsalar a ƙofarmu take, amma na'urar da za ta auna mini yawan dalmar da ke cikin samfuri ita ce tashin hankali. Na ɗauki kwalabe 120 a cikin kula da ƙanƙara, na shiga motar haya zuwa wani ɗakin gwaje-gwaje a wani gari mai nisa, na tarar fitilar na'urar ta ƙone wata biyu ke nan ana jiran ta. Na koma wani wurin, aka ce in sayo man janareto da iskar gas da kaina. Sakamakon da aka ba ni a wurare biyu kuma bai yi kama da juna ba, har yau ban san wanda zan yarda da shi ba.

Saboda haka idan Malam Ɗan_Argungu ya ce yana son ya fita, ba son yawo ba ne. Aikin da zan yi wata shida ina bin sa, abokina da ke waje yana gama shi cikin mako guda da hannunsa, kuma ya koyi sarrafa na'urar, ni kuwa takarda kawai ake miƙo mini ta taga.

Tsohon_Malami_Jega:
Allah ya sauwaƙe, ɗana. Ban musa ba. Amma ka lura, kai shekara bakwai kana wahala kana kwana a ɗakinka, gonarka kuma tana nan.

Ɗiyar_Yawuri:
Baba da Malam Bakin_Dam, akwai hanyar da ta haɗa maganganunku biyu. Hukumar Commonwealth tana da tallafin raba karatu, wanda ake ba mutumin da ya riga ya yi rajistar digiri na uku a jami'ar ƙasarsu, ya je wata jami'a a Birtaniya ya yi wata 12 yana amfani da kayan aikinsu, sannan ya dawo ya kare kundinsa a gida. Sharaɗinsa shi ne a sami alaƙa tsakanin malaminka na nan da wani malami a can. Ga mai aikin da ya rataya a kan na'ura, ban ga abin da ya fi wannan dacewa ba.

Injiniya_Zuru:
Ina gaishe da iyaye da malamai. Ina Jamus yanzu haka, a shekara ta uku, kuma ina son in gyara wata fahimta da ta yi mana katutu a gida, wato cewa digiri na uku abu ne da ake saye kamar digiri na farko. A Jamus da Holan da ƙasashen Sikandinebiya, sau da yawa aiki ne ake ɗaukar mutum. Farfesa yana samun kuɗin bincike, ya tallata gurbi, a yi maka tambayoyi ta intanet, idan ka dace a ba ka kwangilar shekara uku ko huɗu da albashi. A jami'o'in gwamnati na Jamus ɗalibin digiri na uku ba ya biyan kuɗin makaranta, sai ɗan kuɗin zango. Wanda ya zo ba albashi ba tallafi kuwa, sai ya nuna yana da abin da zai ci, kuma adadin da aka sa wa asusun ajiya na ɗalibai daga Satumban 2024 yuro 11,904 ne na shekara guda. Akwai kuma tallafin DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus, da ake nema duk shekara.

Ni imel 43 na aika kafin in dace, na ƙirga su domin a littafi nake rubutawa. Talatin na farko wasiƙa ɗaya ce nake sauya suna kawai, babu wanda ya amsa ko da mutum ɗaya. Daga baya na koma ina karanta maƙala biyu ko uku na malamin kafin in rubuta masa, in ce na ga ka yi kaza a wuri kaza, ni kuma ina da irin wannan matsala a yankinmu, ga bayanan da na riga na tara. Nan take amsoshi suka fara zuwa.

Malam Ɗan_Argungu, kana da abin da ɗalibin Turai ba shi da shi. Kana da fadamar kogin Rima, kana jin harshen manoman, kana iya shiga wuraren da Bature ba zai samu izinin shiga ba. Idan malamin nan na Maleshiya yana son aikinka da gaske, ka tambaye shi kai tsaye ko yana da kuɗin bincike da zai ɗauke ka mataimaki. Amsar da zai bayar za ta nuna maka ko kai yake so ko kuɗin makarantarka.

Dakta_Kamba:
Injiniya ya taɓo wuri mai muhimmanci. A can ma akwai malaman da ke ɗaukar ɗalibi mataimakin bincike su riƙa ba shi alawus, amma ka sa ya rubuta maka a takarda mai hatimin jami'a kafin ka tashi. Alkawarin baki na cewa idan ka zo za mu duba, na ga mutane da yawa da ya kai su ya baro. Kuma ka nemi ɗaliban da ya taɓa dubawa, ka tambaye su kwana nawa babi yake yi a teburinsa. Zaɓen malami ya fi zaɓen jami'a.

Ummu_Hafsa_Kaura:
Ina da tambaya ko da ta ɗan kauce. Wani mutum ya ce wa ƙanena zai samo masa gurbin digiri na uku da cikakken tallafi a waje idan ya biya shi wasu kuɗi masu yawa, har ya nuna masa takardu. Yaya abin yake?

Injiniya_Zuru:
Malama, ki ce masa ya riƙe kuɗinsa. DAAD da Commonwealth da tallafin gwamnatin Turkiyya duk mutum da kansa yake nema a shafinsu, kuma babu dillalin da ke da iko a kan wanda za a zaɓa. Ya kuma bincika ko ma'aikatar ilimi ta tarayya ta san da jami'ar, domin ba mu manta da Janairun 2024 ba, lokacin da gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya sayo digiri cikin 'yan makonni.

Almajirin_Gummi:
Na ga hankalin kowa ya tafi Turai, alhali akwai gabas. Jami'o'in Saudiyya irin su KAUST da ta Sarki Fahad da ke Dahran suna ɗaukar ɗaliban digiri na uku a fannonin kimiyya da cikakken tallafi, da masauki da alawus. Gwamnatin Sin tana ba mai digiri na uku yuwan 3,500 a wata ban da kuɗin makaranta da ɗaki. Turkiyya tana bayarwa, amma sai ka yi shekara guda kana koyon harshensu. Bankin Musulunci na raya ƙasashe shi ma yana da nasa. Sai dai ina da jan kunne ɗaya, wanda na koya da tsada. Ina Khartum lokacin da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, na fito da jaka ɗaya ta hanyar iyakar Masar, na bar kwamfuta da aikin shekara biyu a ɗaki. Duk inda mutum zai je, ya duba zaman lafiyar ƙasar, kuma ya riƙa ajiye aikinsa a intanet duk mako.

Ɗan_Argungu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malama Ɗiyar_Yawuri, kin kama ni. Na gaya wa maiɗakina maganar gurbin, amma ban gaya mata maganar gonar ba, Hajiya kuwa ban tunkare ta ba sam, domin na san abin da za ta ce. Ita ce ta riƙe gonar nan bayan rasuwar mahaifinmu har muka girma. Game da iyali, ba ni da niyyar tafiya da su, kuma ina sa ran za a ba ni hutun karatu da albashi, su riƙa ci da shi. Baba na Jega, ban raina na gida ba, amma abin da Malam Bakin_Dam ya faɗa shi ne ya kore ni, domin a digiri na biyu na ɗanɗana irinsa. Wani ƙanen mahaifina ya kawo shawarar in ba da gonar jingina maimakon sayarwa, idan na dawo in fanshe ta. Me kuke gani?

Malam_Na_Gwandu:
A nan sai a yi hattara. Jinginar da aka saba yi a ƙauyukanmu, wadda mai kuɗi zai ba ka bashi ya riƙe gona yana nomawa yana cin amfaninta har ranar da ka biya shi kuɗinsa cif, malamai da yawa suna ganin ta shiga bashin da ya jawo amfani, wanda aka hana. Abin da ya fi tsabta shi ne haya, a yanke shekaru, a yanke kuɗi, a rubuta da shaidu, idan wa'adi ya cika gona ta dawo ba tare da ka biya komai ba. Ka je ka zauna da malamin da ka yarda da shi a garinku kafin ka sa hannu.

Mai_Albasa_Aliero:
Malam ya yi gaskiya, amma kuɗin hayar shekara huɗu ba zai kai ko rabin na sayarwa ba. Idan na sayarwa shekara ɗaya da rabi ne, na haya bai wuce kuɗin jirgi da zango ɗaya ba. Mun dawo inda muka fara ke nan.

Bamarafa_a_Amurka:
Ku yi haƙuri na shigo a makare, bambancin lokaci ne. A Amurka, a fannonin kimiyya, an saba cewa idan an ɗauke ka digiri na uku ana yafe maka kuɗin makaranta a kuma ba ka alawus, kai kuma kana koyarwa ko kana taya bincike. A nan idan aka ba mutum gurbi ba kuɗi, da yawa suna ɗaukar sa a matsayin ƙi cikin ladabi. Amma shekara biyar zuwa shida ne, da kwasa-kwasai da babbar jarrabawa a tsakiya. Kuma a watan Yulin 2025 an mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya, sannan dokokin suna ta ƙara tsauri, saboda haka mai buƙatar komawa gida ɗebo samfuri yana iya fita ya kasa dawowa. Wannan ya tuna mini da abin da ba wanda ya tambaya: Malam, ƙasar da za ka bincika ta Kebbi ce ko ta Maleshiya? Idan ta Kebbi ce, ka sa kuɗin jirgin zuwa da dawowa aƙalla sau biyu a lissafinka, kuma ka sani ba a shiga da samfurin ƙasar noma wata ƙasar haka kawai a cikin leda, sai da izinin hukumomin killace tsirrai na ɓangarorin biyu.

Ɗan_Argungu:
Ta Kebbi ce, a kan yadda ambaliya da yawan takin zamani suke sauya ƙarfin ƙasar fadama. Wallahi ban sa wannan a lissafi ba. Idan na cire kuɗin jirgi sau biyu, shekara ɗaya da rabin nan ta koma shekara ɗaya da 'yan watanni.

Bazamfare_Gusau:
Akwai kuma abin dariya mai ban tausayi a ciki, Malam: za ka sayar da fadama domin ka je ka yi digiri a kan fadama, ka dawo kana roƙon wanda ya saya ya bar ka ka ɗebi samfuri.

Dakta_Kamba:
Kafin a rufe ƙofa gaba ɗaya, ka rubuta wa ofishin karatun gaba da digiri na jami'ar ka nemi a ɗage maka zuwa zango mai zuwa ko shekara mai zuwa. Jami'o'i da yawa suna yarda, kuma ba ka rasa komai don ka tambaya. A cikin wannan lokaci ka nemi tallafi biyar ko shida da takardar gurbin a hannunka, domin tana ƙara wa nema ƙarfi. Ka kuma fara karɓo takardar sakamakon kwasa-kwasanka tun yanzu, don ni tawa wata biyar ta yi kafin ta fito, har wani tallafi ya wuce ni saboda ita. Idan za ka yi jarrabawar Turanci ta IELTS, ka tuna shekara biyu kawai sakamakonta yake aiki, kada ka yi ta da wuri ta mutu a hannunka.

Mai_Albasa_Aliero:
To, idan shekarar ta zagayo bai samu ko ɗaya ba fa? Ku masu ilimi kuna ta ba shi sunayen ƙofofi, amma Malama da bakinta ta ce sai a nema na uku ta samu, Injiniya kuma wasiƙa 43. Ba kowa ne ke dacewa ba. Ni har yanzu ina ganin idan Hajiya ta sa albarka, ya sayar da rabi ya bar rabi.

Tsohon_Malami_Jega:
Idan bai samu ba, ya kasance ya riga ya yi rajista a gida, shekara guda ta shiga asusunsa, kuma ta nan ne ma zai cancanci tallafin rabawar da 'yata ta Yawuri ta ambata. Rabin gona kuwa, Alhaji, guzurin wata bakwai ke nan.

Ɗan_Argungu:
Na rubuta wa malamin yau da safe, na tambaye shi maganar mataimakin bincike da ta ɗagewa, kamar yadda Injiniya da Dakta suka ce. Mai sayen na ce masa ya ba ni zuwa bayan girbi. Gobe Juma'a bayan masallaci zan je wurin Hajiya, kuma ban san ta inda zan fara ba. Malama Ɗiyar_Yawuri, tallafin rabawar nan, sai mutum ya gama kare tsarin bincikensa a gida yake nema, ko da takardar rajista kaɗai ma ana karɓa?

Ɗiyar_Yawuri:
Sharaɗin da na sani shi ne ka kasance kana da rajista a jami'ar gida, da wasiƙar goyon baya daga malaminka na nan da kuma na can. Ka duba sanarwar bana da kanka idan ta fito, domin ƙa'idojin suna ɗan sauyawa. Wurin Hajiya kuma ka tafi da uwargida, kada ka je kai kaɗai.

Bakin_Dam_Bakolori:
Malama, ni ma ina so, idan shekara ta bakwai ba ta yi yawa ba. Injiniya, don Allah ka turo mini irin wasiƙar da ka ce ta fara samun amsa, in ga yadda ka tsara sakin layi na farko.